Fom Ɗin da Fanka Ba Za Ta Ɗauka Ba

Duk garinmu Tsaskiya babu wanda bai san Gagare ya taɓa aiki a kwaleji ba, don shi kansa ba ya barin a manta. Gaskiyar maganar ita ce kwana goma sha tara ya yi yana riƙon ƙwarya wa mai gadin wata kwalejin koyon aikin ungozoma da ke bayan Batsari, lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da mai gadin. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Amma in ka same shi da la'asar a gindin dalbejiyar da muke zama, sai ka rantse shi ya aza harsashin makarantar. Ko maganar takin zamani ake yi, da "Mu ma'aikatan ilimi" yake buɗe baki.

A shekarar da fetur ya fi ƙarfin talaka, har mutane suka koma kashe babur a gangare, 'yarsa Sumayya ta gama sakandare a Safana da sakamako mai kyau. Ba ta da buri sai na zama ungozoma. Uwarta Baraka ta kama akuyarta ɗaya tilo da ta rage, ta sa aka kai kasuwa, don a sayi fom ɗin shiga kwalejin. Kowa a gidan ya san zancen: akuya ɗaya ce, fom ɗaya ne, kuma ranar Alhamis da ƙarfe huɗu za a rufe karɓa.

Kwalejin ta ce hanya biyu ce. Mai so ya sayi fom na takarda ya cike da biro, mai so ya cike ta intanet, duk ɗaya ne. Wannan kalma ta "ɗaya" ita ta tayar wa Gagare da hankali, ranar da maƙwabcinsa Bulus ya faɗe ta a majalisa. Bulus manomin barkono ne, mutum mai sanyin magana, 'yarsa Deborah kuma ajinsu ɗaya da Sumayya, burinsu ɗaya.

"Ɗaya?" in ji Gagare, ya tura hula ƙeya. "Wa ya ce maka ɗaya ne?"

"Su masu makarantar."

"Ai dole su ce haka! Bulus, ni na ga yadda ake ɗaukar ɗalibai da idona, ta taga. Tebur ne babba. A tara takardu a kai, a kunna fankar sama, a fita shan shayi. In an dawo, wanda ya rage a tebur ya samu. Wanda iska ta kwasa, sai wata shekara. Ni da hannuna na sha tsince su a tsakar makaranta."

"To ka mayar musu?"

"Aikina gadi ne, ba mayar da takarda ba. Abin da nake gaya maka shi ne, fom mai nauyi shi ke cin gurbi."

"Na intanet hwa?" in ji Bulus. "Don Deborah ta riga ta cike nata a waya."

Gagare ya dube shi da tausayi na gaske. "Abin da ba ka iya riƙewa a hannu, ta ina zai zauna bisa tebur? Ka hwara nema wa ɗiyarka keken ɗinki."

Ranar Litinin ya hau babur ya nufi Batsari shi kaɗai. Sumayya ta roƙa ya tafi da ita ta cike a can, ya ce wannan harka ce ta manya. Ya sayi fom ɗin lafiya lau, fari fes, shafi ɗaya. Ya ɗora shi a tafin hannu, ya hura masa iska da baki, takardar ta tashi. Ya gyaɗa kai kamar likitan da ya gano cuta, ya wuce shagon Armaya'u mai kwamfuta, inda ake rufe takardu da roba.

"Yi mini laminatin," in ji shi.

Armaya'u ya juya takardar. "Baba, ai ba a cike ba."

"Na ce ka karanta, ko na ce ka ruhe?"

"In na rufe, ba a iya rubutu a kai."

"Yaro, kana cikin zanen goyo nake aikin kwaleji. Tada injinka."

Armaya'u ya ja janareta, ya rufe fom. Gagare ya sake hura masa iska, ya ga ya ɗan motsa, ya ce a ƙara. Aka rufe shi karo na biyu. Fom ya fito yana sheƙi, in ka lanƙwasa shi sai ya yi ƙara kamar kwanon rufi.

A gida Sumayya ta wanke hannu, ta zauna a tabarma, ta yi bisimilla, ta ɗora biro. Biro ya zame. Ta sake ɗorawa, ya sake zamewa, ko ɗigon tawada bai bari ba. Ta ɗago ta dubi ubanta.

"Biron ne bai da kyau," in ji Gagare. "Na zamanin nan duk haka suke."

Kafin magariba an gwada biro bakwai na unguwa. An gwada fensir. An aiko da tawadar allo daga gidan liman, ta kwanta a kan robar ta yi ɗigo-ɗigo, ta gangare. Wata tsohuwa ta kawo kwalli. Mata suka cika tsakar gida, kowace da shawararta, Baraka kuwa tana bakin murhu, sai da aka watse ta juyo wajen mijinta.

"Malam," ta ce, "akuyata ce ka mayar faranti?"

"Ke ba ki san harkar boko ba. Gobe zan buɗe shi, a cike, a sake ruhewa. Dama haka tsarin yake."

Talata da safe ya jira ruwan tuwo ya tafasa, ya riƙe fom ɗin a kan tukunya da muciya biyu, wai tururi zai saki robar. Robar ba ta saki ba. Abin da ya faru shi ne fom ya nannaɗe kamar tabarma, ya kuɓuce ya faɗa tukunya, sai da aka tsamo shi da ludayi. Gagare ya ce madalla, yanzu ya yi laushi, saura a miƙe shi. Ya aro dutsen guga na gawayi, ya shimfiɗa rigarsa ta Juma'a a kai don kada zafi ya yi yawa, ya danna da ƙarfinsa duka.

Warin roba ne ya kira Bulus. Ya leƙo ta katanga ya tarar da Gagare riƙe da riga, fom na lilo a jikinta, gefensa ya narke ya kama shadda gam.

"Sannu da aiki, maƙwabci. Rigar ma za ta kwalejin?"

"Kawo almakashi, ka bar surutu."

Aka yanke riga. Fom ya fito da guntun shadda shuɗiya manne a gindinsa, har da rabin aljihu. Gagare ya auna shi a hannu ya ce ƙarin nauyi ne, dama abin da ake nema ke nan. Sumayya ta shige ɗaki. Ni da nake kallo daga bakin ƙofa, da na ga fuskarta sai na daina dariyar da nake yi, don yarinyar nan shekara shida tana taka ƙasa zuwa makaranta, rani da damina.

Laraba ta yi, saura kwana ɗaya. Gagare ya tashi da sabuwar dabara, kuma ya sanar da ita a masallaci bayan asuba don kowa ya shaida. Roba ba ta karɓar biro, amma tana karɓar fenti. A Safana akwai Ɗanmaraya, mai rubutu a jikin manyan motoci, wanda babu direban a-kori-kura da bai san hannunsa ba. Gagare ya sa Sumayya ta rubuta sunanta da shekarunta da sakamakonta a 'yar takarda, ya ɗauka ya tafi. A hanya ya tsaya wajen kafinta aka kafa fom ɗin a kan falanki da ƙusa huɗu, saboda ya daina nannaɗewa, saboda kuma, in ji shi, ko fankar jirgin sama ce a kwalejin sai dai ta haƙura.

Ɗanmaraya ya dubi 'yan akwatunan da ake cikewa, ya dubi burushinsa. "Gagare, ƙaramin baƙina ya kai tafin hannu. Ina za ya shiga nan?"

"Rubuta manya. Masu dubawa tsofaffi ne, ba su gani sosai."

Ɗanmaraya ya rubuta. Sunan Sumayya kaɗai ya cinye wurin suna da wurin gari da wurin ƙaramar hukuma. Sakamakon jarrabawa ya gangara kan katako. Da ya ga kusurwar sama ta dama ta yi masa fili, zuciyarsa ba ta ba shi ya bar ta haka ba, sai ya zana ɗawisu mai buɗaɗɗiyar jela, kore da ruwan ɗorawa. A ƙasa kuma, tun kafin ya ankara, hannunsa ya rubuta abin da ya saba rubutawa shekara talatin: ALLAH YA KIYAYE HANYA.

"Wannan kuma na mene ne?" in ji Gagare.

"Sabo ne. In goge?"

Gagare ya ja da baya, ya karkata kai. "Bar shi. Addu'a ce."

Da yamma aka jingina allon a gindin dalbejiya, gari ya zo kallo. Wani ya tambaya ko Gagare shagon aski zai buɗe. Wani ya ce a'a, motar ce bai saya ba tukuna, ya fara da bayanta. Gagare ya harɗe ƙafa ya ce duk wanda ke da ɗa mai neman makaranta ya zo baɗi, zai yi masa kyauta saboda zumunci.

Alhamis bayan azahar suka kama hanya, shi a gaba, Sumayya a baya rungume da allo. Abin da Gagare bai lissafa ba shi ne falanki na tare iska. Da ya ƙara wuta, sai babur ya riƙa karkata hagu da dama, yana gurnani, yana tafiya kamar ana jansa ta baya. A shingen 'yan sintiri aka tsayar da su, babbansu ya zagaya allon sau biyu.

"Wace jam'iyya ce mai ɗawisu?"

"Fom ne na makaranta."

"Wannan Sumayyar kansila take nema?"

"Ungozoma," in ji Sumayya, murya ƙasa-ƙasa.

Aka kira sauran su zo su gani, aka ɗau hoto, sannan aka ɗaga musu sanda. Ba su yi nisa ba babur ya yi tari ya mutu. Man da aka auna don ya kai Batsari iska ta shanye shi a rabin hanya. Suna cikin turi, zufa ta jiƙe Gagare sharkaf, sai ga Bulus a nasa babur, Deborah a baya, za su kwalejin su tabbatar sunanta ya isa.

"Ma'aikacin ilimi, lahiya?"

"Ina ba injin hutu ne."

Bulus ya sauko daga babur. Ya ciro tiyo, ya zuƙo mai daga tankinsa ya ɗura masa. Suka isa kwalejin ƙarfe uku da rabi, suka tarar da ni a can, na rako 'yar ƙanena kai nata fom.

Layi ne har bakin ƙofa, iyaye da 'ya'ya, kowa da 'yar takardarsa a hannu. Gagare ya ratsa su da allo a ka yana cewa a ba tsohon ma'aikaci hanya. A cikin ofis akwai wata akawu, Malama A'isha, zaune gaban ƙaramar kwamfuta da tulin takardu, gefenta kuma akwatin katako mai siririn baki kamar na zaɓe.

"A saka a akwati," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Gagare ya gwada ta tsaye. Ya gwada ta kwance. Ya gwada ta kusurwa, ƙusa ta kama bakin akwatin. Ƙarar ce ta sa ta ɗago. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Baba, mene ne wannan?"

"Fom ne. Irin wanda fanka ba ta ɗauka." Ya juya ga jama'a, don ya ga sun matso. "Ku naku duk iska za ta kwashe. Ni na san sirrin ɗakin nan. Ana kunna waccan..."

Ya nuna sama. Kowa ya ɗaga kai. Fankar tana nan kuwa, amma yanar gizo ta ɗaure ta da silin, zanzaro ya yi gini a kan fiffikenta ɗaya, har gini hawa biyu.

"Wannan fankar?" in ji Malama A'isha. "Rabonmu da wuta wata tara. Kwamfutar nan ma da hasken rana nake cajinta. Kuma Baba, duk fom na takarda ni nake zama in shigar da shi cikin kwamfuta, ya haɗu da na intanet. Masu zaɓe sakamako suke dubawa, ba su ma san wa ya kawo takarda ba."

Wani a baya ya ce, "A tambaye ta ko ana ɗaukar ɗawisu!" Ofis ya kece da dariya, har na waje suna ɗage ta taga. Wata mata ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki.

"To shigar da wannan," in ji Gagare, muryarsa ta ɗan sauka.

"Ba zan iya ba, an ɓata shi. Abu ɗaya ya rage. Kowane fom yana da lamba. In kuna da lambar, yarinya ta cike ta waya kafin ƙarfe huɗu, shi ke nan."

"Ina lambar take?"

"Kusurwar sama, ta dama."

Duk ido ya koma kan jelar ɗawisu.

Sumayya ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta dubi agogon bango mai batir, saura minti ashirin, ta dubi ubanta, ta ce a hankali, "Baba, akuyar Inna ce fa. Babu wata."

A nan ne, karo na farko tun da na san shi, Gagare ya ajiye surutu ya kama aiki. Ya durƙusa a tsakiyar ofis, ya kwantar da allon, ya hau kankare jela da makullin babur. Makulli ya lanƙwashe. Ya koma da farce. Fentin Ɗanmaraya na jikin mota ne, an yi shi don ya jure rana da ruwan sama, bai san wani abu wai shi gaggawa ba. Farcen babban yatsansa ya tsage, jini ya fito, bai tsaya ba. Dariya ta mutu a ɗakin.

"Fetur ke cire fenti," in ji wani dattijo.

Bulus ya fita da gudu, ya tsoma hankicinsa cikin tanki, ya dawo yana ɗiga. Jama'a suka yi salati ganin mai na zuba a ƙasa a wannan zamani. Gagare ya karɓa ya murza. Kore ya tafi, ruwan ɗorawa ya tafi, ɗawisu ya zama kaza mai jiƙaƙƙen gashi, sai ga lamba ta fito tas a ƙarƙashin roba, ko ƙwarzane babu.

Deborah ta riga ta buɗe waya. Sumayya na faɗa tana dannawa, mutum kusan talatin sun yi musu rumfa da kawuna. Waya ta tsaya tana juya ɗan zobenta. Aka ce a fita waje, aka fita. Aka ce a ɗaga sama, Bulus ya karɓa ya hau kan babur ya miƙa hannu. Saura minti uku Malama A'isha ta leƙo ta taga ta ce, "Ya shigo."

Aka yi kabbara, Bulus ya ce an gode Allah. Gagare ya tashi, ya karkaɗe gwiwa, ya gyara hula. Na ga launin fuskarsa na dawowa, na san abin da ke tafe.

"Kun gani ko?" ya ce. "Da ban sa an ruhe shi sau biyu ba, da fenti ya cinye lambar nan."

"Da ba ka ruhe ba," in ji Bulus, "mi zai kawo fenti?"

"Wannan kuma wata magana ce daban."

Malama A'isha, da zafi da cunkoso suka dame ta, ta ɗauki allon daga ƙasa ta yi fifita da shi. Kaɗawa ɗaya ta yi, tulin takardun da ke kan tebur ya tashi sama, wasu suka fice ta taga.

"Ga shi nan!" Gagare ya daka tsalle. "Mi na ce muku? Mi na ce?"

Ya bi su tsakar makaranta yana tsincewa kamar yadda ya yi shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Sai dai wannan karon ya kakkaɓe su ɗaya bayan ɗaya, ya kai wa matar har tebur, ya ɗora musu allonsa a kai.

Bayan sati shida sunaye suka fito, da Sumayya da Deborah duk a ciki. Armaya'u ya buga takardar shaidar samun gurbi, shafi ɗaya, siririya, Sumayya ta kawo gida. Baraka ta yi guɗa, ta ce a ɓoye ta a ƙasan akwati kafin mai gidan ya dawo, amma sai ga shi ya yi sallama. Sumayya ta dubi uwarta, ta dubi yatsan ubanta wanda farcensa bai gama fitowa ba, sai ta taka ta miƙa masa takardar da hannu biyu.

Gagare ya dubi takardar. Iska ta ɗan kaɗa gefenta. Ya mayar da hannuwansa duka biyu baya, ya damƙe ɗaya da ɗaya.

"Riƙe abinki, ɗiyata," ya ce. "Ni dai karanta mini."

Ta karanta. Ya ce ta sake, ta sake. Ya juya ya fuskanci bango, ya daɗe yana gyaran hular da ba ta karkace ba. Sannan ya share ido da hannun riga, ya fice zuwa gindin dalbejiya, tun daga nesa muna jin muryarsa yana cewa mutum biyu ya saka a kwaleji bana, da tasa da ta Bulus.